Ta Ina Zai Hau?

An kawo wuta sha ɗaya da kwata.
Firij ya yi tari, fanka ta farka,
na jawo kwamfutar da na saya ta hannu a Kawo,
wadda harafi ɗaya ya ɓalle mata kamar haƙorin tsoho.

Birnina na nan cikin dutse inda na bar shi.
Mutum talatin da bakwai,
kowa bai fi ƙwayar gero ba.
Na raɗa musu sunayen leburorina:
Tanimu na sassaƙa, Dogara na ɗauko,
Jatau na riƙe da diga.
Da rana ina yi musu tsawa a Barnawa,
da dare ina danna su da yatsa.

Sati biyu na yi ina ƙera tarkon ƙofar gabas.
Lungu mai kwana uku,
faifan dutse a tsakiya,
in maharbi ya taka, gada ta tashi,
ƙasa ta buɗe baki, māsu na jira a ciki.
Na auna, na sake aunawa,
ko ginin Alhajin da ke biyana ban auna haka ba.

Wa ya fara faɗawa?
Dogara.
Ya hango takalmi ƙafa ɗaya a waje,
na wani maharin da ya mutu bara,
ya bi lungun yana sauri kamar an aike shi.
An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere.
Nawa gaba tara ne.

Na hana tsince-tsince. Na kulle ƙofa.
Ashe randunan sha na bayan ƙofar,
birni ya kwana da ƙishi,
Tanimu ya haukace ya farfasa teburin da ya yi da hannunsa.
Na buɗe. Na tsaga wata hanya ta sama,
wadda nawa za su bi, baƙo bai san ta ba.
Na ba Jatau aikin haƙa.

Jatau ya tsaya.
Rubutu ja ya fito: ya fasa aiki.
Na sake ba shi. Ya fasa.
Na ƙwace masa ɗaki, na mai da gadonsa kusa da maƙera.
Ya je ya sha ruwa, ya dawo wurin, ya tsaya.
Dare uku ina zagin ɗigo a kan gilashi,
har maƙwabci ya buga bango.

Nusaiba ta taso shan ruwa,
ido rabi a rufe, ta leƙo ta kafaɗata.
Ta ce, Baba, ta ina zai hau?

Na sauka hawa ɗaya. Na hau hawa ɗaya.
Matakalar sama tana nan, ta ƙasa tana nan,
tsakaninsu dutse ne ban taɓa ba.
Na danna. Diga ta yi sau huɗu.
Jatau ya wuce kamar ba shi ba.

Ta koma ta kwanta. Ni ban iya ba.
Ran Alhamis, a Barnawa,
Jatau mai jini da tsoka
ya tsaya gindin katakon hawa, kwanon siminti a ka,
ya ce, Oga, wannan allon.
Ban ɗaga ido daga waya ba.
Na yanke masa rabin yini.

Wuta ta ɗauke.
Batirin nan minti huɗu yake yi,
na adana birnin a na uku.
Ruwan Agusta na dukan kwano,
kogi zai cika kafin safe, gada za ta cushe.
Na laluba aljihun wandon aiki a duhu:
dubu biyu da ɗari biyar,
da ƙusa inci huɗu guda shida.