Ruwa Ba Ya Karanta Takarda

Rumasa'u, an ce jiya kin kammala a Madani,
Inna ta rangaɗa guɗa har awakin Maiurno suka firgita.
Barka. To jawo tabarma,
akwai darasin da ba malamin da ya rubuta a allo.

Shekara biyu da wata biyar na yi da jaka a hammata,
kwafin shaida goma sha ɗaya, hoto mai farin bango,
da takalmin Yaya Mudassir da ya fi ƙafata,
na riƙa cusa masa auduga a baki.
Kin ga audugar Jazira ta yi mini rana
tun kafin ma'aikatarta ta san da zamana.

Ofis na farko aka ce "bukra". Na koma, "bukra".
Har na zaci sunan manajan ke nan,
ashe gobe ce, irin wadda ba ta wayewa.

Kada ki raina mai shayin bakin ƙofa.
Hajja Batul, ƙarƙashin darbejiya, da 'yan kofunanta,
ta san wanda ya yi ritaya, da wanda zai bar aiki,
kwana goma kafin a manna sanarwa.
Ita ta ce mini, ba ta ko ɗago kai daga garwashi ba:
"Jeka Sinnar. Famfon Usta Bukari yana tari."

Na je da lissafina, shafi huɗu.
Tsohon bai karɓa ba.
Ya ɗora bakin sukudireba a jikin ƙarfe,
ya kara ƙotar a kunnena, ya ce, "Me ya ce?"
Na ji gurnani kawai.
Wata bakwai ina miƙa masa sifana, ba ko sisi sai wake da burodi,
kafin na bambance kukan boris da na iska a bututu.
Shi kuma ranar da na auna masa gangaren rafi a takarda
ya yi shiru, ya ce, "Ashe bokon ma yana jin magana."

Don haka in za ki rubuta tarihin aikinki,
bar "mai hazaƙa", bar "mai ƙwazo", kowa ya rubuta su.
Ce: na gyara kaza, a wuri kaza, ya sha kwana nawa.
Shafi ɗaya ya isa. Lambar waya wadda ke shiga.

Wanda ya ce kawo kuɗi ya samo miki aiki a Jidda,
tambayi Tajuddin.
Warwaron mahaifiyarsa biyu suka haye teku,
shi yana nan, yana tuƙa raksha.

Ranar ganawa mutum uku ne, da fanka mai ƙara.
Na tsakiya ya jefo tambayar da ban taɓa ji ba.
Gumi ya sauko har cikin audugar nan.
Na ce, "Ban sani ba. Amma ga inda zan fara dubawa."
Ya cire tabarau, ya dube ni.
Wallahi ban san ko wannan ce ta ba ni aikin ba,
ko kuwa baƙin man da ya ƙi fita a farcena.

Albashin? Kada ki tambaya a gaban Inna.
Amma da asuba nake buɗe ƙofar ruwa,
in tsaya in ga ya bi layin da na zana,
ya shiga gonar mutumin da bai san sunana ba.
Ruwa ba ya karanta takarda, ƙanwata,
inda aka daidaita masa, nan yake bi.

Za su ce miki taɓo ba na mace ba ne.
Kada ki tsaya musu.
Ga kuɗi a cikin ambulan, ba yawa:
sayi takalmin roba mai dogon wuya,
daidai ƙafarki.