Ranar Lahadi Aka Nuna Mini Filin

Shekara talatin da biyu ina reluwe,
kunnena ya ci ƙarfe har ya ƙoshi:
karon taragu, gunjin inji, usur ɗin asuba.
Ran da giratuti ya faɗo
na ce, Lantana, fara ɗaurin kaya,
shiru zan sayo mana, ko da kamu biyu ne.

Barau dillali ya goya ni a babur.
Muka haura Kwangila, muka ratsa Palladan,
gindin wata ɗorawa ya kashe inji.
"Baba, saurara."
Na saurara.
Kurciya ce, sai wata akuya can nesa.
Ga shaidu, ga takardar mai unguwa,
ga farashin da har ni mai saye na ji kunya.
Na san araha ba ta ado,
amma ran nan zuciya ta riga kai sa hannu.

Lahadi ce.
Wa ya gaya mini ɗaliban Abiyeshan na hutu?

Litinin muna haƙa tushe
na farko ya tsaga ta saman ɗorawar,
ƙarami, fari, da murya irin ta zirnaƙo.
Ya sauka, ya taɓa ƙasa, ya zabura
kamar wanda ya taka garwashi,
ya kewayo, ya sake.
Magini ya dube ni. Na dubi bulona.
Kuɗi sun riga sun kwana a aljihun wani.

Na gudu daga jirgin ƙasa
na faɗa ƙarƙashin ƙanensa.

Yanzu a gidan nan magana gutsure-gutsure ce.
"Malam, kuɗin cefanen..."
sai mu riƙe sauran a baki kamar ruwan kurkura
har kwanon rufi ya gama rawar ɗari.
Labarun rediyo duk huji ne.
A waya gaisuwata ta koma "jira ya wuce".
Kaji sun yi yajin ƙwai wata biyu
kafin su haƙura.
Jikana Sadisu, kafin ya iya cewa kaka
ya iya ɗaga yatsa ya ce jirgi.

Lantana ce ba ta saba ba.
Likitan Shika ya kwance awon daga damtsenta,
ya ce a nema mata wuri marar hayaniya.
Na yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

Na rubuta a bango da baƙin fenti: Na sayarwa ne.
Masu saye su shigo, su yaba rijiya,
su ƙwanƙwasa ƙofa, su yaba siminti,
sai su ɗaga kai,
sai tayin ya rabe biyu.

Rannan sai ga Barau, fuska fal annuri.
"Na samo mana wata nas, Malama Asabe.
Aikin dare take yi, barcin rana take nema.
Mu kawo ta Lahadi."

Daren nan na juya har tabarma ta gaji da ni.
Ga numfashin Lantana, ga lissafin magani,
ga wata baiwar Allah da ban taɓa gani ba
tana jan mayafi da hantsi
ƙarƙashin rufina.

Na ce ya kawo ta Talata, ƙarfe goma.

Ta zo. Uku suka wuce kafin ta shanye ruwa.
Ta ajiye kofin, ta daɗe tana kallona,
ta ce, "Baba, Allah ya saka."
Barau bai ƙara amsa sallamata ba.

Fentin bango ya fara koɗewa.
Ina zaune, ina gane sabon ɗalibi daga saukarsa
yadda nake gane direban Kano tun daga gada.
Ɗan wani ne, nakan ce,
Allah ya sauke shi lafiya.

Shirun da na saya kuwa yana nan, ba a hana ni ba.
Sau ɗaya yake zuwa a mako.
Ran nan Lantana ke shimfiɗa a tsakar gida
ta ƙarasa mini zantukan kwana shida.