Motar Burodi

Shekara talatin da biyar ina bayan kanta
a gidan waya na Jos,
ina buga hatimi a kan sunayen garuruwa:
Nguru, Gashuwa, Gaidam, Yusufari.
Na san su yadda makaho ya san kuɗi,
da yatsa.

Da giratuti ya faɗo, bayan wata goma sha tara ina sintiri,
wani ya ce fili, wani ya ce kaji.
Ni kuwa na gangara Farin Gada
na sayi tsohuwar motar burodi.

Pam mai walda ya yi dariya har ya cire tabarau.
Ya ƙera gado da ƙarfen taga,
ya huda rufi saboda hayaƙin risho,
ya ɗaure jarka huɗu a gefe.
Har gobe in rana ta dake ta, ƙamshin yis take yi.

Ladidi ta ce, tsufa ne ko taɓuwa?
Kwana uku ba ta tanka mini ba.
Asubar tafiya sai ga ta a kujerar gaba
da filas, da rabin buhun dankalin Bokkos,
da rigar sanyi biyu, ɗaya kan ɗaya.

Ta cire ta farko a Toro.
Ta biyun ba ta kai Bauchi ba.
Duwatsunmu suka yi ta durƙusawa a madubi
har ƙasa ta kwanta kamar tabarma.
Itatuwa suka fara nesa da juna
kamar 'yan'uwa bayan rabon gado.

Taya ta fashe kusa da Potiskum.
Yaron da ya liƙe ta ya leƙa ciki,
ya ga gado, ya ga tukunya,
ya ce, Baba, korar ku aka yi?
Na ce, a'a, sallamata aka yi.

Bayan Yusufari kwalta ta ce iyakata ke nan.
Muka sauka.
Tudun rairayi, wani bayan wani,
babu lambar gida, babu akwatin wasiƙa,
dabino tsaye a kwari ƙafarsa cikin ruwa.
Wani mai raƙumi ya ba mu shayi mai ɗaci.
Na ce masa na taɓa aiko wasiƙu nan.
Ya ce, sun iso, amma a makare.
Na ce, ni ma.

Da dare sanyi ya sauko, irin na gida.
Ladidi ta lalubo rigunanta duka biyu,
ta ba ni ɗaya ba tare da ta dube ni ba.
Taurari sun yi yawa, na kasa jera su gari-gari.

Yanzu motar na ƙofar gida a Dogon Dutse,
ruwan Agusta na kaɗa rufinta,
jikoki na wasan direba a ciki.
Na share ta sau bakwai,
rairayin bai ƙare ba.
Jiya na tarar da Ladidi da taswira a cinya,
ta ɗora yatsa a kan Nguru,
tana tambayar nawa ake sayar da litar mai yanzu.