Awon Alli

Yaran ajina ba su taɓa ganin teku ba.
Ruwa mafi girma da suka sani
kududdufin kuza ne na hanyar Bukuru,
wanda ya ci wan Izang bara.

Sai na tura bencina jikin bango,
na durƙusa da alli a kan siminti:
tsawo kamu huɗu, faɗi bai cika kamu ɗaya ba.
Na ce, ga rabon mutum guda a cikin jirgin bayi.
Ku kwanta.

Suka kwanta suna ƙyalƙyala dariya,
Kangyang jikin Ladidi, Barau jikin Izang,
jere kamar doya a bayan motar Farin Gada.
Na rufe tagogi.

Na ce, katako na nan dab da hancinka, babu zama.
Mari ɗaya ya haɗa ƙafarka
da ta wanda ba ka jin yarensa.
In cikinsa ya ɓaci, a jikinka.
In ya cika da daddare, tare za ku kwana
sai mai guduma ya sauko da safe.
Wanda ya ƙi cin wake don ya huta,
da ƙarfe ake buɗe masa baki.
Wata biyu haka, wani sa'in uku.

Minti huɗu suka yi.
Tun a na biyu dariyar ta mutu.

Daga ƙasa Barau ya ce, Malam, har da Hausawa?
Na ce har da su, har da masu karatu.
Jikokinsu na can ƙetare da sunan wanda ya saye su.

Izang bai ɗaga kai ba. Ya ce,
To wa ya kai su bakin ruwan?

Na buɗe taga. Ga duwatsun Shere,
inda kakanninsa suka hau da akuyoyinsu da jariransu
don gudun mahaya.
Ni kuwa na tuna wani tsohon mari mai tsatsa
a ƙarƙashin rumbun gidanmu,
wanda kakata ta ce na jaki ne,
ta kau da ido.

Na ce masa, ba Bature kaɗai ba.
Iyakar abin da bakina ya iya ke nan.

Aka kaɗa ƙararrawa.
Suka miƙe, farin layi a bayan kowace riga.
Ladidi na kakkaɓe wa Kangyang,
bai fita duka ba.

Da yamma Baba Gyang mai shara ya leƙo da bokiti:
Malam, in wanke zanen nan?
Na ce bari tukuna,
gobe 'yan aji uku ne.