Kiran Zinariya

Zinariya ta narke, ta ɓace mini a kwalba.
Ruwa ne rawaya, kamar shayin da aka manta,
ba sheƙi, ba nauyi,
amma tana ciki, ni na sa ta.
Shekara uku ina tara gawar wayoyi
a rumfata ta babbar kasuwar Garwa,
ina kankare bakin alluna da dare
lokacin da masu hankali ke barci.

Saura in kira ta ta sauko.
Da wace murya?

Ga farar hoda a gwangwanin madara,
warinta kamar an ƙyasta ashana ɗari a hanci.
Mai sauri ce. Da ita na sha kunya bara:
na zuba, gajimare ya taso ruwan ƙasa,
na yi kabbara,
kafin in rufe baki ya koma ruwa.
Na kai ƙararta gun Baba Hamajoda, maƙerin farfaru,
ya ajiye awartaki ya ce,
"Hoda ba ta da laifi, Tanimu.
Ruwanka ne bai huce ba,
abin da ya tofar shi yake sake haɗiyewa."

Ga koren gishiri daga kantin taki na Yelwa,
ƙulli guda, sefa ɗari biyar.
Ba wari, ba gaggawa,
sai dai in iska ta sha shi ya yi tsatsa,
ya zama tsohon da ba a jin maganarsa.
Nawa ya fara ja a gefe.

Ta uku gun masu wanki na samo ta,
mai cire tsatsa a farin yadi.
An ce tata ta fi fita tas,
amma sai da ɗumi, sai da lallashi,
ni kuwa gawayina na tuwon dare ne.

Azurfa ba ta da wannan yanga.
Jefa mata guntun jan ƙarfe,
da safe ka tarar ya yi furfura.

Na fito tsakar gida, na ba iska baya,
na kori kaji, na kori Ummita,
na sa safar hannu.
Koren na ɗauka.
Hikima ce ko tsoron bara, Allah masani.

Har isha'i shiru.
Da asuba, laka a gindin kwalba.
Ummita ta leƙo daga bakin ƙofa:
"Baba, wannan ai ƙasa ce."

A wuta ƙasar ta dunƙule, ta buɗe ido.
Ƙwayar dawa guda, ba ta ma kai ba.
Baba Hamajoda ya goga ta a baƙin dutse,
ya daɗe yana kallo,
ya ce ba laifi.
Kuɗinta bai biya kwalaben ba.

Sauran ruwan na jarka bayan ɗaki,
a toshe, da tsoffin ƙusoshi a ciki.
Ba zan ba kwata ba.
Kwatarmu Binuwai take zuwa,
mu kuma ran Juma'a kifi muke ci.