Ƙugiya

Littafin injin ban-ruwa ya iso Jiratawa cikin leda,
shafi arba'in da takwas,
rubutu mitsi-mitsi kamar riɗi ya zube a tabarma.
Hanƙurau ya kai shi bakin hanci,
ya miƙa shi iyakar hannu,
sannan ya ce wa jikansa: karanta, naka idon sabo ne.

Yaro ya karanta: "Daure sosai kafin ka tayar."

To, Hanƙurau ya daure.
Abin da ya iya ke nan tun ba a haifi mai littafin ba.
Ya ja igiya, injin ya yi tari, ya kama,
ruwa ya bi gindin zogale,
noti kuwa na ta rawa a mazauninsa
har la'asar, da ya gaji ya faɗa rijiya.
Kwana tara fangali na buɗe baki.

Ni na tsara littafin.
Shagona na Sabon Gari, tsakanin mai faci da mai shayi.
An ce takarda ta yi tsada, in matse.
Na matse.
Na ɗauko harafi siriri, ɗan ƙwalisa,
wanda bai taɓa shan ruwan Gulbi ba,
bai san ɗ ba, bai san ƙ ba,
duk wadda ta zo sai ya tuɓe mata ƙugiya a bakin ƙofa.
Na gani fa.
Wuta na shirin ɗaukewa, na ce ai za a gane.

Ɗaure ya koma daure.
Gargaɗin da ya kamata ya yi tsawa
na ajiye shi can ƙasa, launin toka, yana raɗa.

Ran Juma'a ya zo, littafin duk baƙin mai.
Bai yi faɗa ba.
Ya ce in buga masa sunansa ya gani.
Na buga.
Ya daɗe yana duba, ya ce:
"Ashe har ni kin aske."

Yanzu shafi saba'in ne, ragowar kuɗin daga aljihuna.
Tsakanin layi da layi na bar hanyar ruwa,
yadda mai lambu ke bari.
Mataki ɗaya, layi ɗaya.
Gargaɗi baƙi wuluk, a sama, shi kaɗai.

Kuma kafin in saki shafi
nakan jira magariba, in kashe fitila,
in cire tabarau,
in dangwala yatsa a man injin,
in danna kan kalmar,
in ga ko ƙugiyar na leƙowa.