Silifa Ɗaya a Hawa na Bakwai

Daga hawa na bakwai a Ajah
ana hango ruwa yana ƙyalli kamar sabon kwano,
motocin haya sun jeru kamar cinnaka.
Nan Sallau ya ce mini, "Gambo, ka gani?
Mu ke gina sama, mu ke kwana a kan kwali."

An yi ruwa da asuba.
Katakon da muke takawa ya sha ya ƙoshi,
ƙusa biyu ke riƙe da shi, ɗaya ta yi tsatsa.
Gorar da aka ɗaure da waya tana kuka in an hau,
mun saba da kukanta har mun daina ji.
Bakin bene ba shinge.
Ɗamarar tsaro tana sito a kulle
tun ranar da masu farar hula suka zo ɗaukar hoto.

Sallau bai runtsa ba, gadi yake yi da dare.
Kwanon siminti a ka, silifa a ƙafa,
Oga Rotimi a ƙasa yana buga agogonsa da yatsa:
mai gida zai zo ran Asabar.

Ban ji ihu ba.
Ƙarar kwano na ji, can ƙasa, a makare.
Da na waiwaya, sai silifa ɗaya a kan katako.

Aka ce kwana ya ƙare. Na yarda.
Amma ƙaddara ba ta riƙe makullin sito,
ba ita ta ce ƙusa ta yi tsada ba.

Yanzu ni nake fara hawa.
Ina ƙwanƙwasa kowane katako da guduma,
wanda ya amsa da muryar tsoho, a sauke shi.
Sai an kafa shinge nake ɗora bulo.
Ƙugiyata a jikin ƙarfe, sama da kaina, ba a gora ba.
In hadari ya taso daga teku
mu sauka mu ci burodin Agege, bene ba ya gudu.
An rage mini kuɗin yini sau uku. Ina nan.

Jiya sabon yaro, Ebuka, ya ga ɗamara ya yi dariya:
"Baba, akuya ake ɗaurewa."
Na ja masa maɗaurin har ya tsuke.
Na ce, "Yi kukan akuya in kana so,
ka dai sauko da ƙafarka."

Silifar tana cikin jakata har yau.
Mahaifiyarsa tana Gumel.
Ban san yadda ake kai wa uwa takalmi ɗaya ba.